Abin da Sirajo Bai Wanke Ba

Ku yaran yanzu ba ku san ƙarshen aiki ba, farkonsa kawai kuka sani. Yarinya ta kwashe tuwo ta bar tukunya ƙudaje na shagali. Yaro ya yanka kaza ya ajiye wuƙa da jininta. In an yi magana ku ce tsohuwa ta cika mita. To ku zauna ku ji abin da mitata ta kasa hanawa.

Sunana Rekiya. A Kaura Namoda aka haife ni, kuma ni ake kira idan mace ta rasu a unguwarmu. Tun haƙorana suna cike nake wankan gawa. Ban yi karatu mai nisa ba, amma na san duk abin da hannu ya taɓa sai an tsarkake shi kafin a rufe.

Sirajo ɗan ƙanena ne. Uwarsa ta rasu yana goye, a hannuna ya tashi. Da ya girma ya koyi gyaran waya, ya samu kwantena a bakin tasha. Nakan kai masa fura in zauna a benci in huta, don haka na ga yadda aikin yake. A cikin kowace waya akwai wani ɗan allo kore, bai kai tafin hannu ba, su suna ce masa fanel. Idan wani abu ya ɓalle a jikinsa sai a shafa man liƙi, wani abu mai danƙo kamar zuma, a ɗora dalma, a taɓa da ƙarfe mai zafi. Dalma ta narke ta kama. Amma man nan ba ya tafiya da kansa. Sai an tsoma buroshin goge baki a cikin tina, wani ruwa mai kaifin wari da ke bushewa nan take, a goge wurin, a karkata fanel dattin ya gangara, a sake da sabon ruwa, sannan a busar a rufe.

Da farko haka yake yi. Har na taɓa ce masa, “Aikinka da nawa ɗaya ne, sai dai naka suna tashi.” Ya yi dariya.

Daga baya na lura kwalbar tina ta daina raguwa. Na kuma ga wani gwangwani a ƙarƙashin tebur, mai wari kamar ruwan batir. Na tambaye shi.

“Na masu facin bokiti da radiyeta ne, Gwaggo. Ya fi kamawa da sauri.”

“Ka wanke shi in ka gama?”

Ya duba waje, ya rage murya, yana murmushi kamar zai ba ni albishir. “Gwaggo, wayar da anka wanke ba ta dawowa. Wanga mai in ka bar shi, shiru yake yi duk rani. Da damina ta sauka, sanyi ya shiga, sai ya fara ci. Sai ka ga mai ita ya dawo da ƙafarsa.”

“Kowa kake yi wa haka?”

“A’a. ’Yan gari suna da baki, su ina wanke musu. Mutanen Sakajiki da Ɗan Isa da Katuru, mi sunka sani? In ta mutu sai su ce ruwa ne ya taɓa ta.”

Na ce masa Allah yana gani. Ya ce Allah yana ganin tsadar tina ma. Na ɗauki kwanona na tafi, na daɗe ban koma ba.

Ranar da na koma, ranar kasuwa ce, ruwan farko bai daɗe da sauka ba. Na tarar da wani mutum a benci, dogo, mai furfura a gemu, rigarsa duk gashin kaji. Ya tashi ya ba ni wuri ya gaishe ni har ƙasa. Tambari ne sunansa, mutumin Katuru. Yana sayen kaji da zabi a ƙauyuka, ya ɗauro su a bayan babur ya kawo Kaura. Wayarsa ƙarama ce mai madannai, wurin cajinta ne ya saki.

“Malam injiniya, don Allah ka yi mini mai ƙwari,” in ji shi. “Wagga waya ba ta hira ba ce. In mutanen daji masu bindiga sunka tare hanya, da ita ake gaya mana mu koma. Maiɗakina ba ta zama sai ta ji na sauka.”

“Ba ka tsoron hanyar Shinkafi kai kaɗai?” Sirajo ya tambaya, yana hura ƙarfensa.

“Ina tsoro mana. Amma ina da maƙwabta a hanya. Akwai wani tsohon itacen marke a wata kwanar hanya. Tun ina yaro in munka zo wucewa da babana sai ya yi sallama, ya ce wurin da masu shi. Ni ma ban taɓa wucewa ban yi ba.”

“Suna amsawa?”

“Ba don su amsa nake yi ba.”

Sirajo ya yi dariya har da buga tebur. Ni ban yi ba. Sallama ba bauta ba ce, kuma a cikin waɗanda ba a gani akwai musulmi.

Ina kallo ya lakuto man gwangwanin nan ya shafa. Hayaƙi ya tashi, mai yaji. Ya liƙa, ya ɗauko murfi zai rufe.

Na ce da ƙarfi, don Tambari ya ji, “Kai Sirajo, ba ka wanke ba.”

Ya harare ni. Tambari ya dube ni, ya dube shi. Sai Sirajo ya washe baki ya ce, “Gwaggo ta zama injiniya. To bari in wanke a ciki, nan akwai iska.” Ya ɗauki waya da kwalba ya shiga bayan labule. Na ji ƙarar kwalba, na ji warin tina. Ya fito da waya a rufe.

“Ka wanke?”

“Wallahi tallahi na wanke, Gwaggo. Shinshina.”

Ya miƙa wa Tambari a hanci. Tambari ya shinshina, ya yi tari, ya yi dariya, ya sa masa albarka. Na yarda, don ban taɓa zaton ɗan da na goya zai haɗa sunan Allah biyu a kan ƙarya ba. Ashe a bayan murfi kawai ya shafa tinar, don wari.

Damina ta yi tsakiya. Gero ya rufe mutum. A lokacin ne aka dawo da wata yarinya gidan maƙwabtanmu don ta yi takaba a gaban iyayenta. Zulaihat, na san ta tun tana tallan gyaɗa. Na shiga yi mata gaisuwa, a nan na ji mijinta mutumin Katuru ne, mai sayen kaji.

Ba ta kuka. Ta wuce nan. Tana zaune a tabarma tana juya wata ƙaramar waya a hannu.

“Inna, tun da la’asar munka ji mutanen daji suna kan hanya,” ta ce. “Kowa ya kira nasa. Masu mota sunka juya, masu babur sunka juya. Ni na kira, aka ce a kashe take. Na sake. Na ari ta maƙwabta na sake. Na kira har yatsana ya daina ji. Shi kaɗai ya shiga kwanar nan. A gindin marke anka tsince shi, kaji suna ta kuka a kansa. Ga ta, a aljihunsa take. Ko tsagewa ba ta yi ba. Kuma da safe da caji ya fita, ni na sa mata.”

Na ce ta ba ni aron wayar.

Ban tsaya ko’ina ba sai kwantenar Sirajo. Na ajiye ta a gabansa na ce ya buɗe ina kallo. Ya gane ta. Ya yi jinkiri, sannan ya kwance. Da ya ɗaga fanel sai na ga abin: kore da fari sun tsiro a kansa kamar funfuna a tsohon tuwo, sun ci siraran layukan nan har sun yanke.

“Ka rantse,” na ce.

“Gwaggo, ni na harbe shi?”

“Ka rantse da Allah sau biyu.”

“Kwanansa ne ya ƙare. Ko da waya goma ya fita sai ya mutu. Ya je wurin maƙwabtansa na marke su tsare shi mana, ba sallama yake musu ba?”

Ya ɗauki fanel da yatsu biyu ya wurga ta taga, ya faɗa kwatar da ke bayan tasha. Na ji ƙarar faɗawarsa a ruwa. Sauran wayar kuma ya jefa a kwalin kayan gyara, ya ce gilashinta da batirinta suna da kyau, za su yi wa wani amfani.

Na tofar da yawu a ƙofarsa na tafi.

Bayan ’yan kwanaki Zulaihat ta aiko. Ta ce ko wayar ba ta aiki tana son abarta, ita ce abin ƙarshe da hannunsa ya riƙe. Na ce ko gangar jikin ce zan karɓo mata.

An yi ruwa ranar tun azahar, bai ɗauke ba sai gab da magariba. Na ɗauki butata na fita, da niyyar in karɓo in yi salla a gidan wata ƙawata da ke kusa. Tasha ta watse. Motoci suna tsaye, ruwa na ɗiga daga jikinsu. Masu shayi sun kife kofuna. Aka kira salla, maza suka bi ta cikin taɓo suka nufi masallaci. Kwantena ɗaya ce a buɗe. Sirajo ba ya rufewa don magariba, yana cewa lokacin ne ’yan ƙauye masu sauri suke zuwa.

Kwaɗi suna ta kuka a kwata. Ina isa ƙofa suka yi shiru gaba ɗaya.

Akwai mace a benci.

Doguwa ce, ko a zaune kanta ya kusa taɓa rufi. Ta lulluɓa da baƙin zane, jiƙe sharkaf. Ruwa na ɗiga daga gefensa, amma ban ji ƙarar ɗigarsa a ƙasa ba. Na duba taɓon bakin ƙofa. Sawuna ne kawai, sai ganyaye ƙanana, ɗanyu, a jere tun daga hanya har ƙarƙashin benci. Babu marke ko ɗaya a tasha.

Na yi sallama.

Ta amsa. Cikakkiyar amsa, a hankali, kamar iska a cikin ganye.

Sirajo bai ɗago ba, yana liƙa wani abu. “Hajiya, na ce miki an kusa tashi. Mi ya samu wayar?”

Ta fito da hannu daga cikin zane. Yatsun dogaye ne, busassu, fatarsu a tsattsage kamar ɓawon itace. Ta ajiye abu a tebur.

Fanel ɗin Tambari ne. Taɓon kwata yana jikinsa.

Wari ya cika kwantena. Ɗanyen ganye, jiƙaƙƙiyar ƙasa, da wani wari da na sani sarai saboda aikina.

“An ce ka wanke,” ta ce.

Ƙarfen ya faɗi daga hannunsa.

“Wa... wa ya ba ki wanga?”

“Akwai mai yi mana sallama. Tun yana bayan babansa. Bai ƙara wucewa ba. Jininsa a gindinmu ya zuba. Munka sha shi da ruwan sama, ba da sonmu ba.”

Sirajo ya yunƙura zai tashi. Kujerar ba ta sake shi ba.

Sai fanel ɗin ya yi ƙara.

Babu batir, babu gilashi, babu komai. Ɗan allo kore a kan tebur, yana ƙara irin ta kira. Sai kwalin matattun wayoyi da ke kusurwa ya ɗauka. Ɗaya, biyu, duka. Kowace da irin kukanta.

A cikin ƙarar nan na ji muryoyi. Wata tsohuwa tana cewa a zo da mota, haihuwa ta ƙi. Wani yana cewa a kwashe shanu. A samansu duka, muryar Zulaihat.

“Ka koma. Suna kan hanya. Don Allah ka ɗauka. Ka koma.”

“Kiraye-kiraye ne da ba su shiga ba,” matar ta ce. “Ba su da wurin zuwa. A nan suke.”

Ta ɗaga yatsa, komai ya yi tsit.

“Wanke.”

Ya jawo kwalbar tina. Cike take, ƙura a murfinta. Ya tsoma buroshi ya fara gogewa. Ƙarar buroshi kawai ake ji, da numfashinsa. Koren nan ya narke ya gangara.

“Na... na gama.”

Ta juyo gare ni. Ban ga fuska ba. Cikin lulluɓin duhu ne kawai, da wani abu mai ƙyalli can ciki, nesa, kamar ruwa a ƙasan rijiya.

“Mai wanka. Sau nawa ake yi?”

Na so in ce sau ɗaya. Amma ban iya ƙarya ba, ko ga mutum, balle.

“Sau uku.”

Ya zubar, ya zuba sabo, ya goge. Ya sake. Ya hura masa iska ya bushe. Fanel ya fito tas, layukan da suka yanke sun haɗe, yana sheƙi kamar ranar da aka ƙera shi.

“Ashe ka iya,” ta ce.

Sirajo ya fashe da kuka. “Na tuba. Wallahi na tuba. Wallahi...”

“Kar ka ƙara taɓa sunan nan.”

Ta sunkuya. Hannunta ya miƙe, ya wuce tebur, ya shiga ƙarƙashi, ba tare da ta tashi ba. Ta jawo gwangwanin masu facin bokiti.

“Mai wanka. Da wane gefe ake farawa?”

Na kau da kai.

“Da wane gefe?”

“Dama.”

Ta kama hannunsa na dama ta shimfiɗa a tebur. Ta lakuto man. Ta shafa masa tsakanin yatsu, ɗaya bayan ɗaya, a natse, har ƙarƙashin farce. Ta ɗauki ƙarfen daga ƙasa. An ɗauke wuta tun ana ruwa, na batir yake amfani da shi, kuma na ga igiyarsa ta fita daga jikin batir lokacin da ya faɗi. Duk da haka bakinsa ja ne.

Ta taɓa.

Hayaƙi ya tashi, mai yaji. Man ya narke ya shige cikin fata kamar ruwa a yashi.

Sirajo ya buɗe baki iya buɗewa. Sauti bai fito ba.

Ta koma hagu.

“Gwaggo,” ya ce da leɓe kawai. “Gwaggo.”

Ɗan da na goya ne. Na ɗaga butata na yi kansa, na kama wuyan hannunsa zan zuba ruwa. Ɗan yatsana ya gogi man.

Buta ta tsage biyu a hannuna. Ruwan bai zuba ƙasa ba. Ban san inda ya tafi ba.

“Ke matattu kike wankewa,” ta ce. “Wanga bai mutu ba. Ba zai mutu da wuri ba.”

Ta ɗauki kwalbar tina, ta ɗiga kaɗan a yatsa, ta shafa a bakin hannun rigarsa. Ta ɗaga masa zuwa hanci.

“Shinshina.”

Ya shinshina.

“Ni ba ni rantsuwar ƙarya. Ban wanke ba.”

Ta fara miƙewa tsaye. Rufin kwantena ya yi ƙara. Ba ta gama miƙewa ba, tana ta tafiya sama. Ƙofar ƙarfe ta fara rufowa da kanta.

Na kama Ayatul Kursiyyu.

“Karanta,” ta ce. “Mu ma muna karantawa. Fita.”

Na faɗa ta ’yar kafar da ta rage. Ƙofa ta kama mayafina. Na bar mata shi.

Na faɗi a taɓo, kaina a buɗe, ina jin liman yana sallame salla.

Maza suka fito suka same ni. Sai da suka sa ƙarfen taya suka ɓalle ƙofar. Babu mace. Ganyen marke ne ya rufe ƙasa har idon sawu. Sirajo yana zaune, hannuwansa a shimfiɗe a tebur, babu ƙuna, babu tabo, sai ɗan sheƙi tsakanin yatsu. Kusa da shi wayar Tambari ce, a haɗe, a kunne.

Na kai wa Zulaihat abarta. Har yau tana aiki.

Sirajo ya kwanta zazzaɓi, ya tashi. Ya wanke hannu da sabulu, da toka, da kananzir, da tinar kanta. Sheƙin bai fita ba, amma ba ciwo. Ruwa ya ɗauke, aka yi girbi, rani ya shigo. Ya buɗe kwantena ya ci gaba da aiki. Har ya fara cewa hayaƙin dalma ne ya bugar da mu ni da shi. Na ce masa, “Kai ka gaya mini da bakinka. Shiru yake yi duk rani.”

Ruwan farko na sauka ya ji ƙaiƙayi.

Da damina ta yi tsakiya, fari da kore suka tsiro a gindin ɗan yatsansa na dama. Yatsan ya daina ji. Ya bushe. Wata safiya ya tashi ya same shi a kan tabarma. Yatsan da ke kusa da shi ya kama. An kai shi asibiti a Kaura, an kai shi Gusau. Sun ce ba kuturta ba ce, ba ciwon suga ba ne. An kai shi wurin malamai a Zurmi, suka yi karatu, wani dattijo a cikinsu ya ce babu kowa a jikinsa da za a fitar, an riga an gama aiki an rufe.

Da kaka ta yi abin ya tsaya. Da ruwa ya dawo ya ci gaba daga inda ya tsaya. Sai da ya gama da dama kaf sannan ya koma hagu.

Ni farcena ɗaya ne ya zama kore, wanda ya gogi man. Bai ci gaba ba. Gargaɗi ne, na kuma ji.

An sayar da kwantena. Yanzu Sirajo yana zaune a zauren gidana. Mutumin da ya ƙi wanke abin da bai kai tafin hannu ba, yau ba ya iya wanke fuskarsa. Ni nake zuba masa ruwan alwala, ni nake ba shi tuwo a baki kamar lokacin da yake goye, kuma ba na yi masa magana mai daɗi, don bai cancanta ba. Idan hadari ya haɗu yana jin ƙarar kira, mu ba ma ji. Yakan yi ta laluben aljihu da dungu yana cewa a ɗauka, don Allah wani ya ɗauka.

Babban yatsansa na hagu ne ya rage. Duk ranin nan yana kallonsa, yana shafa shi a kumatu. Shekaranjiya hadari ya taso daga wajen Zurmi, aka kwana ana ruwa. Yau da safe da na zo zuba masa ruwan alwala, na ga farin abin a gindin farcen.

Ya dube ni. Na zuba ruwan a kan dungu, na fara da dama.